Wa ke da alhakin makarantar firamare, kuma da me za a auna alkawarin ɗan takara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ma'ajin kwamitin iyaye da malamai na makarantar firamaren garinmu. Tun da aka buga gangar siyasa, duk ɗan takarar gwamnan da ya zo sai ya yi mana alkawarin ilimi kyauta da sababbin ajujuwa. Amma idan muka kai kukan ƙarancin malamai, shugaban ƙaramar hukuma ya ce mu tafi jiha, jiha kuma ta ce kuɗin yana Abuja. Shin wane ne ainihin mai alhakin makarantar firamare, kuma yaya za mu gane alkawarin da ake iya cikawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Masu yi muku wannan wasa da hankali ba ƙarya tsagwaronta suke faɗa ba, kowannensu yana ɗauko ɓangaren gaskiyar da zai wanke shi ne ya bar sauran. A takarda, matakan gwamnati uku ne suka yi tarayya a kan makarantar firamare, amma a aikace wuƙa da nama suna hannun gwamna, kuma shi ya kamata ku fi tsare wa ido.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya samar da ilimin firamare da kula da shi cikin ayyukan da ƙaramar hukuma take taya jiha. A 2004 kuma aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta wajabta ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole na shekara tara, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare. A ƙarƙashin wannan tsari ne ake da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja, da takwararta ta jiha, wato SUBEB, a kowace jiha, da ofishin sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma. To ka ga ke nan, ɗan takarar da ya tsaya a dandali ya ce zai ba ku ilimin firamare kyauta, abin da ya riga ya zama haƙƙin 'ya'yanku fiye da shekara ashirin yake yi muku alkawarinsa. Maganar ma ta girmi dokar, domin tun 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a kan wannan manufa. Abin tambaya shi ne, kyautar ta haɗa da me? Kai da kake riƙe da littafin kuɗin kwamiti ka fi kowa sanin cewa kuɗin alli da na gyaran benci da ɗan alawus ɗin malaman sa-kai daga aljihun iyaye suke fitowa.

Batun cewa kuɗi yana Abuja kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa, sai dai wanda ya faɗa muku ya haɗiye rabin zancen. Dokar 2004 ta tanadi a ware wa ilimin bai-ɗaya aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar tarayya, kuma kaso mai tsoka daga ciki jihohi ake raba wa, amma bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi da shi. Idan rabonta naira biliyan ɗaya ne, sai ta fara zuba biliyan ɗaya nata. Shekara da shekaru UBEC tana kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge a wurinta saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Don haka idan aka ce muku kuɗin yana Abuja, ku tambayi abin da ya hana a je a ɗauko shi. A kuma lura, wannan kuɗi na gine-gine ne da kujeru da kayan aiki, ba a biyan albashin malami da shi.

Albashi shi ne inda gizo ke saƙar. Daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare, shi ya sa jiha take samun bakin cewa ba nata ba ne. Amma kason ya daɗe yana biyowa ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda gwamna ke juyawa, kuma shi yake naɗa shugaban SUBEB, sannan da wuya a ɗauki sababbin malamai masu yawa ba da sa hannunsa ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukuncin da aiwatar da shi ya yi ta tafiyar hawainiya. Ina goyon bayan hukuncin, amma ban ɗauke shi maganin kowace cuta ba. Tsofaffin malamai ba su manta da 1991 ba, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa ta miƙa ragamar ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi ta bin bashin albashi, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Ko a 2025, malaman firamare na birnin tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin Abuja ba su biya su haƙƙoƙinsu ba.

Daga nan za ka fahimci abin da ya sa ɗan siyasa ya fi son zancen gini a kan zancen malami. Gini ana gama shi cikin 'yan watanni, a yi masa fenti, a yanke zare, a ɗauki hoto, ga kuma kwangila da za a ba na hannun dama. Malami kuwa nauyi ne na kowane ƙarshen wata har zuwa ranar ritaya, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wa'adin gwamnan ya ƙare. Na taɓa kai ziyarar aiki wata makaranta ana saura 'yan watanni zaɓe. Ginin da ke fuskantar titi ya sha sabon fenti, an kafe masa allo mai ɗauke da sunan wanda ya ba da aikin. Da na zagaya baya sai na tarar an haɗe aji uku da aji huɗu a ɗaki ɗaya da iska ta yaye rabin kwanonsa, yara sun fi ɗari a zaune a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama da murya. Na nemi rajistar zuwan malamai, na ga sunaye goma sha ɗaya, amma huɗu na samu a makarantar. Hedimasta ya rage murya ya ce wasu daga cikin sauran suna da iyayen gida a sama, albashinsu yana tafiya ko sun zo ko ba su zo ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 ne a firamare.

Taɓa harkar malamai yana da tsadar siyasa, kuma Kaduna ta nuna hakan. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, 21,780 suka kasa cin maki 75 cikin ɗari da aka gindaya, aka sallame su, aka sanar da ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, an yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar da halin da iyalan waɗanda aka kora suka shiga, amma duk da haka El-Rufai ya sake cin zaɓe a 2019. Ba cewa nake kowace jiha ta bi sawun Kaduna ba, domin a ganina da an fi ba horarwa muhimmanci kafin kora. Amma ɗan takarar da zai yi sa'a guda yana magana a kan ilimi bai ambaci yadda zai ɗauki malamai masu takardar shaidar malanta ta NCE, ya tura su ƙauye, ya tabbatar suna shiga aji ba, bai taɓo ciwon da ke damunku ba.

Sai kuma kasafin kuɗi. Za ku ji ana ta maimaita cewa UNESCO ta ce a ware wa ilimi kashi 26 cikin ɗari, alhali abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Jihar Kano, wadda ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Dokta Abdullahi Ganduje, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ta ware abin da ya zarce wannan ma'auni. Sai dai a kowace jiha, warewa daban, sakin kuɗi daban, kuma "ilimi" a kasafi ya haɗa har da jami'o'in jiha da tallafin karatu a waje, ta yadda adadin zai iya yin girma ba tare da firamare ta gani a ƙasa ba. Jihohi da yawa yanzu suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet, a can ne ake ganin nawa aka saki da gaske.

Idan gwamna mai ci ne ke neman tazarce, aikinku ya zo da sauƙi, domin yana da tarihin da za a duba: shekara nawa ya biya kason UBEC, malamai nawa suka yi ritaya, nawa aka maye gurbinsu, kuma yaushe aka yi ƙarin girma na ƙarshe. Idan sabo ne, a tambaye shi adadin malaman da zai ɗauka a shekarar farko da inda albashinsu zai fito. Kada ku manta da mai neman kujerar majalisar jiha, domin majalisar ce ke amincewa da kasafi, ita ce kuma ke da ikon kiran shugaban SUBEB ya yi bayani. Kafin taro na gaba, ku zauna da hedimasta ku rubuta yawan ɗaliban kowane aji, da malaman da ke rajista, da waɗanda ke zuwa da gaske, ku yi kwafi biyu, ku miƙa wa ɗan takarar ɗaya a gaban mai gari da liman, ɗayan kuma ka adana shi a cikin littafin kwamiti da kwanan watan ranar a jikinsa.