An naɗa ni shugaban ƴan kashe wutar daji, me ya kamata in sani?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga wani ƙauye arewa da Dakoro. Bana damina ta yi kyau, ciyawa ta kai ƙugu, kuma mai gari ya ce ni zan ja gaban ƴan kashe wutar daji na garinmu, mu 22. Na shiga kashe wuta sau huɗu amma ban taɓa ba da umarni ba. Wasu sun ce sai mai takarda, wasu sun ce jarumta ta isa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Yawwa ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Maganar takarda gajeruwa ce. Jami'an gandun daji da kake gani da kaki, da yawansu a makarantar koyon aikin raya karkara ta Kollo (IPDR) suka yi karatu, kuma su doka ta ɗora wa kula da daji, wato dokar gandun daji ta Nijar mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004. Kai ba a neman wannan a wurinka. Ka je ofishinsu na Dakoro, ka gabatar da kanka, ka karɓi lambar wayarsu, ka roƙi a sa ku cikin horon da ake yi wa kwamitocin ƙauyuka. Ranar da jami'i ya iso wurin gobara, ka ba shi bayani ka koma ƙarƙashinsa. Baki biyu ba sa ba da umarni a wuta ɗaya.

Jarumta kuwa, ita nake tsoro. Abu na farko da nake dubawa in an ce ga shugaba shi ne hannunsa. In na gan shi da reshen sabara yana jibgar wuta, gumi na zuba, na san mutanensa ba su da shugaba a wannan lokaci. Mai dukan wuta ƙafarsa kawai yake gani. Kai aikinka ka ja baya, ka hau tudun da wuta ba ta ƙasansa ko bayan mota, idonka a kan hayaƙi da kan mutanenka.

Ka koyi karanta iska kafin komai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da hantsi take ƙarfi, da rana tsaka ciyawa ta bushe ƙarau. Karangiya da burburwa ba su da nauyi, shi ya sa wutarsu ke gudu kamar an kore ta, kuma iska na juyawa sai gefen wuta ya zama kanta, wato gabanta inda ta nufa. Ka ɗebi ƙasa ka watsa sama duk bayan ɗan lokaci, ka ga inda ta nufa. Kada ka tare wuta ta ka. Ku fara daga baya, inda ta riga ta cinye, ku bi gefe da gefe kuna matse ta, ƙafa ɗaya a cikin toka. Idan harshenta ya wuce mita ɗaya da ɗan kai, wato ya kai ƙirjin mutum, reshe da shebur sun gama aikinsu. Ku janye zuwa hanya ko fegin da aka share. Wuta kuma ta fi sauri in tana hawan tudu, saboda haka kada ka tsai da kowa a saman tudun rairayi wuta na ƙasansa.

Mutum 22 sun yi wa baki ɗaya yawa. Masu wannan aiki a duniya sun daidaita a kan cewa mutum ɗaya ya kula da uku zuwa bakwai, biyar ya fi. Raba su gida huɗu, kowane da babba, kai da manyan nan kawai za ka riƙa magana. Kafin a taɓa wuta, kowa ya ji abu huɗu daga bakinka: wa ke tsaye yana gadi, da me za a yi kira (usur ya fi salula a inda rezo ke yankewa), ta ina za a gudu, kuma ina za a taru. Wurin taruwar ya yi nisa da wuta aƙalla ninki huɗu na tsawon harshenta. Ka ƙirga mutanenka da suna lokacin tafiya, ka ƙirga lokacin dawowa. Na taɓa dawowa da mutum 14 alhali 15 muka fita. Yaron yana gindin aduwa, ƙishi ya kayar da shi, don ni da kaina na manta da bidon ruwa a gari. Allah ya kiyaye, amma daga ranar ruwa nake fara lodawa kafin kayan aiki. Ka hana rigar leda da takalmin roba, suna narkewa a jiki.

Akwai abin da ya faru a Mann Gulch, jihar Montana ta Amurka, a 1949. Wuta ta biyo ma'aikata a kan gangare, shugabansu Wagner Dodge ya kunna wa ciyawar gabansa wuta, ya kwanta a cikin tokar, ya yi ta kiransu su shigo. Ba su taɓa ganin wannan dabara ba, ba su kuma saba da shi ba, sai suka wuce shi da gudu. Mutum 13 suka mutu, shi ya tsira. Abin da aka koya a nan ya shafe ka kai tsaye: mutum ba ya bin umarnin da bai taɓa ji ba a lokacin da hayaƙi ya rufe masa ido. Don haka ku yi gwaji tun yanzu, ranar da ba kasuwa, a fili: ka busa usur, ka ga minti nawa za su ɗauka su taru.

Kunna wutar tarba, wato a sa wuta don ta ci ciyawar da ke gaban babbar, ka bar wa jami'ai har sai ka yi ta tare da su sau da yawa. Ita ce ke mai da gobara ɗaya ta zama biyu.

Sauran aikinka na kafin wuta ne. Ku share fegin tare wuta mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar hunturu, ku kwashe ciyawar ku adana wa dabbobi. Ka zaga ruggage da mashayu ka gaisa da ardo, ka ba makiyaya lambarka, don su ke fara ganin hayaƙi, daga kwarin Tarka har wajen Gadabeji. Bayan an kashe wuta kuma, bar mutum biyu su kwana a wurin, su bi kututture da kashin shanu ɗaya bayan ɗaya, don busasshen kashin shanu yana riƙe garwashi har iskar safe ta taso.