Amsa ga wanda Ubuntu ɗinsa ta ɓace bayan Windows ta yi sabuntawa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wannan muryar amsa ce ga ƙanenmu da ya turo tambaya da rana, wanda ya ce laftof ɗinsa HP ce, Windows 11 da Ubuntu (wani nau'in Linux, kishiyar Windows) ya ɗora mata, jiya Windows ta yi sabuntawa, yau ya kunna sai ta wuce Windows kai tsaye, jerin zaɓin nan da ke fitowa bai fito ba. Ya ce aikin furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yana ɓangaren Ubuntu, kuma mai gyara ya ce a yi fomat, wato a goge komai a sake ɗorawa. Na so in rubuta, na ga zai yi tsawo, shi ya sa na ɗauki murya. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto.

Ƙanena, don Allah kada ka bari a yi fomat ɗin nan. Ka ji na fara da shi, domin shi ne abin da ya fi damuna. Ubuntu ɗinka tana nan, fayilolinka suna nan inda ka bar su. Abin da ya samu matsala ƙofar shiga ce kawai. Akwai wata 'yar manhaja, GRUB sunanta, ita ce maigadin da ke tare ka idan ka kunna, ta tambaye ka ina za ka, Windows ko Ubuntu. A kwamfutocin yanzu masu UEFI, wato sabon salon BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare a faifan ajiya, sau da yawa megabait 100 ne ko sama da haka kaɗan, a nan Windows ke ajiye fayil ɗin tashinta, Ubuntu ma ta ajiye nata a folda daban. Ita kwamfutar tana da jerin wanda za ta fara kira. To, wani lokaci bayan babbar sabuntawa, ko sabunta BIOS, sai Windows Boot Manager, maigadin Windows, ya koma saman layi. Shi kuma bai san da zaman Ubuntu ba, sai ya wuce da kai gidansu. Shi ke nan fa.

Ga abin da za ka yi yanzu. Kashe ta gaba ɗaya. Kana danna maɓallin kunnawa, ka riƙa danna F9 a kai a kai, tunda HP ce. Masu Dell da yawancin Lenovo F12 ne, masu Asus galibi Esc. Jeri zai fito. Idan ka ga an rubuta ubuntu da ƙananan baƙaƙe, alhamdu lillahi, zaɓe shi, GRUB zai fito kamar da. Kana shiga, kafin ka taɓa komai, kwafe furojet ɗin nan a filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel. Sannan mu yi maganar gyara.

Gyaran na dindindin kuwa, ka sake kunnawa ka danna F10 ka shiga saitin BIOS, ka nemi wurin Boot Order, wato jerin wanda za a fara kira, ka ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager, ka adana ka fita. A wasu HP ɗin sai ka shiga cikin OS Boot Manager kafin ka ga sunayen biyu, F5 da F6 ne ke ɗagawa da saukewa. Daga cikin Ubuntu ma ana iya yi, a tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo efibootmgr, zai nuna maka lambobi irin su Boot0000 da Boot0001, ka sake jerin da efibootmgr -o. Amma ni na fi son ka bi ta BIOS, domin wasu kwamfutocin sukan mayar da jerin yadda yake idan aka canza daga ciki.

Yawwa, sai gargaɗi ɗaya, kuma kowa ya saurara, ba shi kaɗai ba. Kafin ka taɓa Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ko wani saiti babba a BIOS, ka tabbata kana da mabuɗin BitLocker, kwaɗon da Windows ke kulle faifai da shi. Windows 11, musamman daga bugunta na 24H2, tana kulle faifai da kanta idan ka shiga da asusun Microsoft, mutane da yawa ba su ma san an kulle ba. Kana canza saitin, sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Suna cikin asusunka na Microsoft, ka buɗe ta waya ka kwafe su a takarda. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya sayi laftof ta hannu, asusun na mai ita na farko ne, muka yi juyin duniya ba mu buɗe ba. Ranar na ji ba daɗi wallahi, hotunan iyalinsa ne a ciki.

To idan ka danna F9 ba ka ga ubuntu ba fa? Nan ma ba a kai ga fomat ba. Ka samu filashi mai Ubuntu a kai, wanda ka ɗora da shi ma ya isa, ko ka haɗa sabo da manhajar Rufus. Ka tashi da shi, ka zaɓi Try Ubuntu, ka lura, Try, kada hannunka ya kai kan Install. Buɗe wurin fayiloli za ka ga ɓangaren Ubuntu ɗinka, ka kwashe kayanka. Bayan nan ka haɗa intanet ka sauke manhajar Boot-Repair, ka danna Recommended repair, shi zai sake dasa GRUB. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne yanayin tashi. Idan Windows a UEFI take, filashin ma dole ka tashe shi a UEFI, kada ka zaɓi Legacy, wato tsohon salon tashi. Don ka tabbatar, a Windows ka rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. A Ubuntu kuma, idan akwai folda /sys/firmware/efi, to a UEFI kake. Ɗaya a Legacy ɗaya a UEFI, ba za su taɓa ganin juna a jeri ɗaya ba, ko sau nawa ka gyara.

Na ga wata 'yar'uwa ta rubuta cewa nata akasin haka ne, GRUB yana fitowa amma babu Windows a ciki. Malama, wannan matsalar os-prober ce, ɗan mataimakin GRUB da ke leƙawa ya gano Windows da ire-irenta a faifai. Daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021 aka daina kunna shi kai tsaye. Ki buɗe /etc/default/grub, ki ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ki adana, ki rubuta sudo update-grub. Za ki ga ya ce ya samu Windows Boot Manager.

Akwai kuma wanda zai iya ganin rubutu mai cewa Verifying shim SBAT data failed. Wannan ya samu mutane da yawa a duniya bayan sabuntawar Windows ta watan Agusta 2024, tsohon shim na Linux, ɗan fayil ɗin da ke tayar da GRUB, shi ne Secure Boot ya ƙi. Ana kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a shiga Linux a sabunta ta, sannan a mayar. Shi ma sai mabuɗin BitLocker yana hannu.

Ƙanena, idan komai ya daidaita, ka kashe Fast Startup, wato saitin saurin tashi, a Windows, yana cikin Power Options na Control Panel. Tun Windows 8 ake da shi. Idan ka ce ta kashe, ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi da faifan a riƙe, shi ya sa Ubuntu ke buɗe ɓangaren Windows amma ta hana ka ajiye komai a ciki. Sannan idan ka lura agogo na bambanta da awa ɗaya duk lokacin da ka sauya, ba lalacewa ba ce. Linux na ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin UTC, wato agogon duniya, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaban UTC da awa ɗaya. A tamina ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ya wuce.

Af, na kusa mantawa. Idan ka gyara jerin, gobe ya sake komawa, kuma kwanan wata ma yana rikicewa, ka zargi ɗan batirin CMOS, ƙaramin batirin cikin kwamfuta da ke riƙe agogo da saiti. A laftof ɗin gwanjo da suka kwana biyu yakan mutu, saiti ya riƙa gogewa. Canza shi ba tsada.

Kuma ka sa caja, batir ya cika kafin ka fara Boot-Repair, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta GRUB. Ka gwada F9 ɗin yanzu, ka ɗauki hoton abin da ya fito a allon ka turo nan zauren. Ina nan har bayan isha'i, in sha Allahu za mu bi shi tare.