Ku Tambayi Injiniya: Wai da gaske Kaduna na da masana'antar jiragen sama?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukansu daga cikin garin nan. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, don haka a kanta zan daɗe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa. Marigayi mahaifina ya yi shekara ashirin yana aiki a masaƙa har ranar da aka garƙame ta. Kwanan baya na ji wani a rediyo yana cewa lokaci ya yi da jihar Kaduna za ta san darajar masana'antarta ta jiragen sama. Don Allah wace masana'anta? Mu da muka kasa riƙe masaƙa, mu ne za mu ƙera jirgi? Ko dai zancen 'yan boko ne kawai? Daga wani Alhaji, Kakuri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan Baba, ya sa guminsa ya zama shaida a gare shi.

Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Wanda ya tashi yana jin jiniyar masaƙa tana kiran ma'aikata, ya ga kekuna suna kwarara Kakuri da sassafe kamar an ɓalle ruwa, in aka ce masa masana'anta, wannan hoton yake nema. Ta jiragen sama kuwa tana bayan katanga, soja ko mai gadi na ƙofa, kuma kusan dukanta ta gwamnatin tarayya ce. Shi ya sa ɗan Kaduna zai shekara arba'in yana bin hanyar Mando bai san abin da ake yi a ciki ba. Amma tana nan. A cikinta na ci abinci fiye da shekara talatin ina gyaran jirage, da ita na yi wa 'ya'yana aure.

Ka riƙe shekarar 1964. A cikinta aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya, Jamusawan Yamma suka zo koyar da ita, kuma a nan Kaduna suka yada zango. A cikinta aka buɗe makarantar hafsoshi ta NDA, aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a Kakurinku, aka kuma kafa makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda yau ake kira NCAT, da taimakon hukumar kula da sufurin sama ta duniya. Mutane na zaton matuƙa kaɗai take yayewa. A can ake koyar da mu masu gyara, da masu zama a hasumiya suna ba jirage umarni, da masu kula da na'urorin sadarwa da na rada. In ka hau jirgi daga Legas zuwa Kano, da wuya a ce babu hannun ɗan Palladan, unguwar da makarantar take a Zariya, a tafiyar: ko shi ya tuƙa, ko shi ya sa hannu cewa jirgin lafiya yake, ko kuma muryarsa ce ta ba da izinin sauka.

Ka ce mu ne za mu ƙera jirgi? Alhaji, an taɓa harhaɗa jirgi a garin nan. A tsohon filin jirgi, kamfanin AIEP, wanda ke da alaƙa da Dornier na Jamus, ya haɗa wa sojan sama ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 60 masu suna Air Beetle a shekarun 1990. Gaskiya ne zanen ba namu ba ne, na wani ƙaramin jirgin Amurka ne mai kujera biyu da ake kira RV-6A, kuma sassan a akwati suka zo. To amma kada wannan ya sa ka raina aikin. Fatar irin wannan jirgi fallen alminiyam ne, dubban ƙananan ƙusoshi ke riƙe da shi, kuma da yawansu sai da mutum biyu: ɗaya a waje da bindigar bugu, ɗaya a ciki ya tokare da dunƙulen ƙarfe, ba sa ganin juna, da ƙwanƙwasa suke magana. Ƙusa ta karkace, a huda a cire ta, a sake. 'Ya'yan ƙasar nan ne suka yi wannan, kuma shekaru da dama muna ganin jiragen suna shawagi a saman Kawo da hantsi. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, da aka gama sittin ɗin ba a bi su da wasu sittin ba. Hannuwan da suka ƙware suka watse, wasu suka tsufa, wasu suka tafi ƙasashen waje. Da lokacin sauya jiragen koyo ya yi, a 2016, Fakistan aka je aka sayo Super Mushshak guda 10.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba. Makarantar fasaha ta sojan sama, AFIT, wadda ta faro a 1977 a matsayin wurin koyar da kanikawan soja, yanzu digiri take bayarwa. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Disambar 2013, zamanin Shugaba Jonathan, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018, zamanin Shugaba Buhari, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Har sunayen ma namu ne, kuma sun dace, don aikinsu su leƙo su kawo labari.

Yanzu ga inda na saɓa da masu doguwar magana a rediyo. Ba na son a yaudare ka cewa gobe za mu ƙera jirgin alhazai. Abincin wannan sana'a a gyara yake. Kowane jirgin fasinja, kusan duk shekara ɗaya da rabi, dole ya shiga babban binciken da muke ce wa si-cek. A kwashe kujeru, a ɗage daɓen, a buɗe jikinsa, a bi shi lungu-lungu da fitila da madubi ana neman tsatsa da tsagewa. Makonni ake yi, kuma da dala ake biya. Shekara da shekaru kamfanoninmu na kai jiragensu Turai ko Habasha ko ƙasashen Larabawa domin wannan. Ni da kaina na sha raka jirgi, kuma akwai tafiyar da ba na mantawa: na shiga rumfar gyara a wata ƙasa, shugaban masu aikin ya dubi takardata, sai ya ce mini da Hausa, “Sannu da zuwa, wace shekara ka bar Zariya?” Mu muka koyar da shi, mu kuma muka bi shi da dalarmu har can. Sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya yi wa jirgin Boeing 737 irin wannan bincike a Legas. In Legas ta iya, ga ta da iskar teku mai cin ƙarfe, me zai hana Kaduna mai busasshiyar iska da yalwar fili? Ƙurar hunturu ce kawai matsalarmu, ita kuwa rufaffiyar rumfa ke maganinta. Filin jirginmu ma an gwada shi: daga 8 ga Maris 2017, makonni shida, shi ya ɗauki nauyin Abuja da aka rufe nata domin gyaran titi, har jirgin Habasha yana sauka.

Dubi Barazil. A 1950 suka buɗe makarantar injiniyoyin jiragen sama, suka zaunar da ita a wani gari mai suna São José dos Campos. Sai a 1969 aka haifi kamfanin Embraer a garin, gwamnati kuma ta yi ta sayen jiragensa har ya tsaya da ƙafarsa. Jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12 da Nijeriya ta karɓa a 2021 zanen wannan kamfani ne. Da makaranta suka fara, kamar mu. Su dai ba su bar ɗalibansu sun fito sun rasa rumfar shiga ba.

Tsarin mulki ya bar sufurin sama a hannun tarayya, amma wannan bai ɗaure hannun jiha ba. Fili nata ne, hanya da ruwa da wuta da tsaron kewayen filin jirgi duk tana da ta cewa. Ba zan ba ta shawarar sayen jirage kamar yadda Akwa Ibom ta yi da Ibom Air a 2019 ba, domin jigilar fasinja kasuwa ce mai cinye jari. Da ni za a tambaya, sai in ce a ware fili kusa da filin jirgi, a ba shi wutar da ba ta yankewa, a jawo mai rumfar gyara ko da ta tayoyi da birki da kujeru ce ya fara, a kuma riƙa biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin karatun gyaran jirgi a Zariya duk shekara. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, Alhaji. Ka kuma tuna kujerar jirgi yadi ne a jikinta, sai dai nata sai an gwada shi da wuta kafin a yarda da shi.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ni mai walda ne a Panteka, shekarata 24. Duk abin da aka nuna mini na ƙarfe zan ƙera shi. Irina zai iya aikin jirgi? Daga wani matashi, Tudun Wada.

AMSA: Ɗana, na yarda da kai, don na san Panteka, na ga injin niƙa da injin casa da kuka ƙera da hannunku. Hannu kana da shi. Abin da za ka koyo shi ne haƙurin bin littafi da rubutu. A jirgi ba a ɗaure noti da “ya ji”. Littafin gyara ya faɗi iya ƙarfin da za a ɗaure shi, akwai sifana ta musamman da ke yin ƙas in an kai, sannan a zura siririyar waya a murɗa ta yadda girgiza ba za ta kwance shi ba. Wani ya zo ya duba, ku sa hannu a takarda. Kowane sashe da takardar asalinsa yake zuwa. Sabo fil in ba shi da ita, ba ya hawa jirgi.

Ina sabon shiga, a wani kamfani, muka gama aiki da magariba, aka ƙirga kayan aiki, ƙaramar sifana ɗaya ba ta dawo gurbinta ba. A hannuna take. Jirgin kuwa da asuba zai tashi. Maigidanmu bai ɗaga murya ba, ya ce a sake buɗe duk inda muka taɓa. Wajen ƙarfe biyun dare na hango ta da tocila a cikin ramin taya, ta kwanta dab da bututun man birki. Na ɗauko ta hannuna na rawa, ina tuna mutum ɗari da wani abu da za su zauna a samanta. Tun daga ranar ban sake barin rumfa ban ƙirga kayana sau biyu ba.

Don haka ka koma ka haɗa takardar sakandare, da kiredit a Lissafi da Fizis da Turanci, domin duk littattafan gyara da Turanci suke. Daga nan ka nemi kwas ɗin gyaran jirgi a NCAT ko AFIT. Lasisin kansa hukumar kula da sufurin sama ta Nijeriya, NCAA, ce ke bayarwa, bayan jarrabawa da shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi. Kada ka rufe shagonka kafin nan, shi zai biya maka kuɗin jarrabawa.

TAMBAYA: Injiniya, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, ta dage sai ta zama matuƙiyar jirgi. Babanta ya ce ba aikin mata ba ne. Daga wata uwa, Unguwar Dosa.

AMSA: Hajiya, ki gaishe mini da maigida, ki faɗa masa cikin ladabi cewa mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, Kyaftin Chinyere Kalu, a Zariya ta koyo, kuma daga baya ita ta shugabanci makarantar. Abin da ya kamata ku zauna a kansa shi ne kuɗi, domin karatun tuƙi na da tsada ƙwarai, kowace sa'a a sama mai take sha. Kafin ku sayar da ko akuya, a kai ta wurin likitan da hukuma ta amince da shi ya duba idonta da kunnenta da zuciyarta, musamman ko tana bambance launuka. In ta tsallake, ta riƙe Lissafi da Fizis da kyau. Ta kuma cike AFIT a JAMB domin karatun fasahar jirgi, suna ɗaukar farar hula maza da mata, ga shi daga Unguwar Dosa zuwa can ba wata tafiya ba ce, a gida za ta riƙa kwana.