Amsa ga mai karsanar da ta kusa haihuwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce karsanarka Bunaji ce, bijimin Firishiyan, irin shanun madara na Turai, ya hau ta, hantsarta ta cika, kana son sanin ranar haihuwa da ko za ta sha wuya. Na daɗe ina kiwon shanun madara a wajen Ikorodu ta jihar Legas, ga abin da na gani.

Hantsa kan ruɗi mutum. A karsana tana iya cika makonni kafin lokaci. In ka rubuta ranar barbara, ƙirga kwana 280 zuwa 285. In ba ka rubuta ba, koma ga gindin wutsiya. Safe da yamma ka danna gefensa biyu da yatsa, za ka ji jijiyoyi masu tauri kamar igiyar turke. Ranar da ka ji sun saki, wurin ya loɓa, wutsiyar ta yi laƙwas, yawanci ba ta wuce kwana ɗaya. Sai ka ga yauƙi na zuba, ta bar dusa, tana kwanciya tana tashi. Daren nan kada ka yi nisa da ita.

Abin da ya dame ni shi ne bijimin. Haihuwar fari ce, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ɗan Firishiyan kuwa yakan zo da girma. Bayan faya ta fashe, abin da kake so ka gani kofato biyu ne, tafinsu na kallon ƙasa, hanci a bisansu. In tafin na kallon sama, galibi da baya ya taho. In ƙafa ɗaya ce ta leƙo, ko ta shafe awa guda tana yunƙuri babu ci gaba, kira likitan dabbobi.

Ni ma tun naƙuda na farawa nake sanar da shi yanzu. Na taɓa jira sai da abu ya ɓaci, likita ya maƙale a cunkoso wajen Mile 12, kafin ya iso maraƙin ya mutu a ciki. Har yau abin na ci mini rai.

Don Allah kada a taru a ja da ƙarfin tsiya, balle a ɗaura wa babur. A sa safar hannu saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, mutum ma yana kamuwa. Maraƙi ya sha dakashi cikin awanni biyun farko. Mabiyiya in ta wuce awa 12 ba ta faɗo ba, kada ka fizge ta, likita ya duba.

Allah ya sauke ta lafiya.