Tambaya da Amsa: Wai wane irin mai ne "elbow grease"?

Tambaya: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Na kalli bidiyon wata Baturiya a YouTube tana nuna yadda ake wanke tukunyar da ta ƙone, sai ta ce ba a buƙatar komai sai ruwan zafi da sabulu da elbow grease. Biyun farko ina da su, na ukun ne na rasa. Wane irin mai ne, kuma ina ake samunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi sai da na yi dariya, amma kar ki ji kunya, ba ke kaɗai abin ya taɓa rikitawa ba. Elbow gwiwar hannu ce, grease kuma giris ne irin wanda ake shafa wa inji, to in an haɗa su ma'anar ita ce ƙarfin hannunki, wato ki zage damtse ki yi ta dirza har ƙauri ya fita, gumi na zuba, hannu na ciwo. Man yana jikinki tun tuni.

Maganar ba ta yau ba ce, Turawan Ingila suna rubuta ta tun wajen 1670, kuma wani ƙamus na 1699 ya fassara ta da gumi, cikin zolaya. Faransawa ma suna da tasu, huile de coude, man gwiwar hannu dai. Har tsokana ake da ita a wuraren aiki, a aiki sabon yaro ya je sito ya karɓo elbow grease, ya yi ta yawo ana masa dariya.

Inda mutane ke kuskure shi ne wajen amfani. Aikin hannu take nufi, gogewa, kankara, wanke mota, goge takalmi. Za ki ji an ce put some elbow grease into it, ma'ana ƙara ƙarfi mana, shafa kawai kike yi. Wanda ya kwana yana karatun jarrabawa kuwa ba ita ta dace da shi ba, shi burn the midnight oil ake ce masa. Kuma ta hira ce, ni dai ba zan sa ta a takardar neman aiki ba.

Af, a Ingila akwai wani ruwan wanke maiƙo da aka sa wa sunan Elbow Grease ɗin, amma ba shi Baturiyarki take nufi ba, soso za ki ɗauko.