Me ya sa ake katange giya a kantunan Ireland?

Malam, ka ce a manyan kantunan Dublin sai an tura 'yar ƙofa kafin a isa wurin giya, kana tambayar dalili. Ba maganar addini ba ce, dokar kiwon lafiya ce ta 2018. Tun Nuwamban 2020, kantin da ke haɗa giya da kayan masarufi sai ya katange ta da shingen da tsayinsa bai gaza mita 1.2 ba, ko ya rufe ta a kabad. So ake yaro ya daina ganin kwalba kusa da burodi da madara, wanda ya shigo sayen sabulu kuma kada ido ya ja shi. Ni dai shingen ya yi mini gajarta, babban mutum na tsaye zai hango komai.