Ku Tambayi Malama: Digiri na uku don horar da masu ba da shawara

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina da majistir (digiri na biyu) a irshad nafsi, wato ba da shawara ga masu damuwa, ina aiki a Gadarif ta Sudan da matan da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani. Yanzu an ɗora mini 'yan sa-kai in riƙa duba aikinsu, ni kuwa ba wanda ya taɓa koya mini haka. Kwanan nan wata yarinya cikinsu ta fito daga zama da uwar da ta rasa 'ya'yanta, ta fashe da kuka, na rasa abin da zan ce mata. Digiri na uku zai koya mini wannan? Ina ake yinsa? Daga ƙanwarki a Gadarif.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Akwai digirin da aka tsara don abin da kike nema, amma ba kowace daktora ba ce. Da yawa a jami'o'inmu kundin bincike ne kawai: a raba takardun tambayoyi, a yi lissafi, a kare a gaban kwamiti. Mutum zai iya fita da kyakkyawan sakamako alhali bai taɓa zama da ɗalibi ya ji yadda ya yi da mai damuwa ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

A Amurka aka fi tsara shi. Hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981, ita ke tantance shirye-shiryen, ta kuma ɗora su kan ba da shawara, duba aikin wasu, koyarwa, bincike da jagoranci. Ɗalibi yana yin awa 600 na aiki a aikace. Abin da ya fi daraja a wajena shi ne wannan: za a ba ki ɗalibar majistir ki duba aikinta, a ɗauki zamanku a bidiyo, sannan malaminki ya zauna da ke ku kalla tare. Nan za ki ga inda kika katse ta, da inda kika miƙa mata amsa alhali tambaya ya kamata ki yi, da inda tsoro ya bayyana a fuskarta kika wuce. Ba littafin da zai nuna miki wannan.

Sai dai tun Yunin 2025 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, ga tsada, don haka kada ki jingina da can. Ki leƙa Jami'ar Urdun da ke Amman, ki leƙa Malesiya, inda tun 1998 suke da dokar rajistar masu wannan aiki, kuma can marigayi Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, ya daɗe yana koyarwa. Duk inda za ki nema, ki tambaye su kai tsaye: zan duba aikin ɗalibai? Wa zai duba tawa dubawar? Idan suka yi ta kewaye-kewaye, ki nemi wani wuri.

Yarinyar nan kuwa ba za ta jira ki gama daktora ba. Ki ware wa 'yan sa-kan naki awa guda kowane mako, rana tsayayya, ko da aiki ya yi yawa. Ki fara da jin yadda zaman ya taɓa ta kafin ku shiga batun uwar. Kukan ba gazawa ba ne, wataƙila ita ma da nata rashin. Idan kin ga abin ya hana ta barci, ki haɗa ta da wani ƙwararre dabam, domin mai duba aiki ba ta zama likitar wadda take dubawa. Shirin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, na taimaka wa masu damuwa cikin zama biyar, an yi shi ne don 'yan sa-kai irin naki, kuma ya shardanta a riƙa duba su a kai a kai. Ki samo littafin, akwai shi da Larabci.

Ki riƙa rubuta abin da ya gudana a kowane zama, ba tare da sunan kowa ba. Matanmu Hausawa sukan fara zuwa wajen malami kafin su zo gare ku, kuma yadda 'yar sa-kai za ta yi aiki tare da malamin, kamar yadda Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sudan, ya yi da shehunnai a zamaninsa, ya isa kundin daktora. Idan kin tashi rubuta takardar neman gurbi, ki aiko mini ta mujallar in duba miki.